Takalmin makaranta ya mutu a sati biyar: wa zai ɗauki asarar?

Maman Sadik: Assalamu alaikum. Ga ra'ayina, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. Duk takalmin makarantar da bai kai ƙarshen zango ɗaya ba, haƙƙi ne a kan mai shago ya maido da kuɗi. Zango sati 12 ne zuwa 13. Ana komawa makaranta a Satumba, amma kafin Oktoba ta fita sai ka ga yara suna jan sandal baki buɗe. In an koma shago a ce kaya in ya fita ba ya dawowa. Ina aka samo wannan dokar?

Alhaji na Wambai: Wa alaikumus salam Hajiya. Kin haɗa mai gaskiya da marar gaskiya kin yi musu kuɗin goro. Sandal iri uku ne a Kasuwar Ƙofar Wambai da Sabon Gari: na Chana, ɗan Aba, da ɗinkin gida, kuma kowanne da lamba ɗaya da lamba biyu. Ana nuna wa uba mai tsada, ya ce a ba shi na rabin kuɗin. Araha ba ta ado. Sannan yaro ya buga ƙwallo da shi lokacin tara, ya ja ƙafa a kwalta, ya shiga ruwan ƙarshen damina. Shi kuma dilan da ya sayar mana ba ya karɓar wanda aka taka. Ribar ƙafa ɗaya ba ta kai a mayar da kuɗin ƙafa ɗaya ba.

Baba Shumeka: Ku duka biyun kuna maganar kwanaki, alhali takalmin da kansa yana faɗin abin da ya kashe shi. A kifa shi a duba.

In sol ya ɓalle daga sama, ka leƙa ciki ka ga wajen sumul yana sheƙi, gam ɗin na ɓarewa kamar fatar albasa, wannan laifin mai haɗawa ne. Ƙa'ida ita ce a kankare fuskokin biyu da samfefa, a share ƙura, a shafa gam a kowane ɓangare, a bar shi minti 10 zuwa 15 ya sha iska har ya daina kama yatsa, a ɗan gasa shi, a haɗa a matse sosai, sannan a bar shi ya kwana. Mai gaggawar cika dozin yana tsallake kankara, ko ya sirka gam da fetur don ya yi auki. Wani kuma gam ɗin fata yake sa wa sol ɗin robar da ake kira PVC, wanda nasa gam ɗin daban ne. Irin wannan, rana ɗaya ta zafin Kano ta isa ta buɗe shi, ko yaro bai taɓa ganin ƙwallo ba.

In kuma sol yana nan daram amma hancin takalmin ya goge, ko dunduniya ta cinye ta gefe guda, ko bayan ya lanƙwashe saboda yaro na take shi kamar silifa, to wannan aikin ƙafa ne. Ba ruwan Alhaji.

Maman Sadik: To Baba, wanda saman yake ɓarewa fa, baƙin ya tashi a ga yadi a ƙasa?

Baba Shumeka: Ba fata ba ce Hajiya, yadi ne aka shafa wa roba a kai. Daga inda yatsu ke lanƙwasa yake fara tsagewa, kuma babu man da zai hana. Fata ta gaske in kin duba bakin yanka za ki ga ɓawo-ɓawo, bayanta da gashi-gashi. Ta jabu bakinta santsi ne, bayanta saƙa. Abin takaici a garin da ke da majemu a Challawa da Sharada. Akwai kuma aibi na uku da ba a cika sani ba: sol ɗin wata roba marar nauyi da ake kira PU, in ya daɗe a ajiye. Danshi na cin sa a hankali, a ido sabo fil, amma sati biyu da takawa sai ya fara marmashewa. A gwanjo da kwantan kaya aka fi samunsa. Kafin ki biya, lanƙwasa sol ɗin da ƙarfi, ki danna farce. In ya nuna tsaga ko ya yi danƙo, ajiye.

Barista: Alhaji, da girmamawa, takardar nan da ake mannawa a shago cewa ba a dawo da kaya ba ta soke doka. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar da ke kula da wannan haƙƙi, ta ce mai saye na da haƙƙin samun kaya mai inganci, wanda zai yi ƙarko na lokacin da hankali zai ɗauka bisa irin amfanin da aka saba yi da shi. Sashe na 132 ya ba da wata uku daga ranar karɓar kaya: in kayan ya gaza, a mayar wa wanda ya sayar, shi kuma ya gyara, ko ya canza, ko ya maido da kuɗi. A lura da "amfanin da aka saba". Wanda ya sayar da takalmi da sunan na makaranta ya san ɗan firamare zai yi gudu da shi. Maganar dila kuwa tsakaninku ce, mai saye da kai ya yi ciniki.

Amma Hajiya, dokar ba ta ce kuɗi kaɗai ba, kuma ba ta ce duk abin da ya lalace cikin wata uku ba. Sai an nuna gazawar daga kayan take.

Alhaji na Wambai: Barista, wa zai je kotu a kan sandal? Kuɗin Adaidaita Sahu ya fi kuɗin takalmin.

Barista: Shi ya sa ake farawa daga shago. In an ƙi, shugabannin layi ko ƙungiyar kasuwa, sannan hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano. Kuma makarantar da ta sayi dozin 10 ta raba wa iyaye, lissafinta daban ne, domin kuɗinta ya kai a bi kadi.

Malam: Tun kafin wannan doka malaman fiƙihu sun yi magana a babin zaɓi saboda aibi. A mazhabar Malikiyya, wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ke ciki tun kafin ciniki, yana da zaɓi ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In kuma wata sabuwar tawaya ta shiga kayan a hannunsa, kamar takalmin da aka taka sati biyar, to ko ya riƙe a biya shi gwargwadon tsohon aibin, ko ya mayar ya biya gwargwadon darajar da ta ragu a hannunsa. Misali: an saya naira 10,000. Masana sun ce da an san gam ɗin ba shi da kyau, da darajarsa ta ragu da kashi 30 cikin 100. Sai a maido masa 3,000 ya riƙe takalminsa. Wani sharaɗi da iyaye ke sakaci da shi: in ka ga aibin ka ci gaba da sa wa yaro, ana ɗaukar haka a matsayin ka yarda. Shi kuwa mai shagon da ya san roba ce ya ce fata ce, wannan algus ne. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Maman Sadik: Allah ya gafarta Malam, in an ajiye takalmin yaro ya tafi makaranta da me? Ba kowane gida ke da na biyu ba.

Malam: Lalura ce Hajiya, amma a sanar da mai shago ranar da aka gani, ko ta waya, don kada shiru ya zama hujja.

Baba Shumeka: Kuma don Allah kada a zuba masa sufa gulu kafin a kai. Yana ƙona wajen ya bushe ƙamas, ya ɓoye shaidar, gyaran ma ya gagara. A ɗauki hoton cikin ɓallewar da ƙasan sol, a kai ƙafa biyun tare da rasit ko shaidar tiransifa. Sabon sandal kuma, a zagaye shi da ɗinki da basilla da zaren nailan tun kafin a fara sawa.

Barista: Baba, in an ɗinke tun farko, mai shago zai ce an taɓa kayansa.

Alhaji na Wambai: Ba zan ce ba, ɗinkin ni yake taimaka wa. Ga inda na tsaya. Sol ya ɓalle sumul ko ya marmashe cikin wata guda, a kawo, canji ko kuɗi. Bayan wata guda, kuɗin ɗinki a kaina. Hanci ya goge ko bakul ya ɓata, babu komai. Wata ukun Barista kam sai ranar da dilolinmu suka fara karɓar kayan da aka taka.

Maman Sadik: To Alhaji a rubuta hakan a bayan rasit. A wace rumfa ake ba da rasit ma tukuna?