Me ya sa dashen tumatir ke kwantawa da rana ya miƙe da yamma?

Ɗan Fadama: Salam jama'a, don Allah a taimaka min. Irin tumatir da na zuba sati biyu kenan, da azahar sai karan ya langaɓe, in na ba shi ruwa kafin magariba ya miƙe. Kuma tsayinsa ya tsaya cak.

Malamar Bayoloji: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙaramin tsiro bai yi itace ba tukuna, ruwa ne ke riƙe shi. Ruwa na shiga ƙwayoyin halittarsa ya cika su dam yana tura bangonsu kamar iska a tayar mota, matsin ma yakan fi na taya sau da yawa, to shi wannan turin ne ke miƙar da ƙwayar in oksin, sinadarin girma da tsiron ke yi da kansa, ya sassauta bangon, kuma da yake zaren bangon ya naɗe ta ne kamar ɗamara sai ta yi tsawo maimakon faɗi. In ruwa ya yi ƙasa, girma ne ke fara tsayawa tun kafin ka ga yaushi.

Baban Gona: Ka duba taki ma, in yuriya ta yi yawa kusa da saiwa ruwa take janyewa daga tsiron ko da ƙasa a jiƙe take.

Ɗan Fadama: Kai! Wallahi na zuba yuriya makon jiya. Na gode Malama, na gode Baba.