Gajiyar masu koyon tiyata: abin da na tsinta a Jos

Daren Asabar na zauna da wasu likitoci masu neman ƙwarewa a tiyata a nan Jos, ana kurɓar shayi saboda sanyi. Kukansu ɗaya ne: kwanan aiki, doguwar tsayuwa a ɗakin tiyata, ga jarrabawar Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma tana jira. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin matsalar da aiki ke haifarwa.

An fi jan magana kan barci. Wanda ya kwana aiki kada ya buɗe littafi, babu abin da zai zauna a kansa. Ya kwanta tukuna. Tuƙi ma ya haƙura, ya hau keke Napep. Karatu kuwa, sa'a ɗaya kullum tare da abokai biyu ta fi kwanan zaune ana gobe jarrabawa.

Wata babbar likita ta kawo alamar da ta fi ba ni tsoro: ka fara jin haushin majiyyaci tun bai buɗe baki ba. Ta ce in abin ya kai nan, a gaya wa na gaba, a kuma ga likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jin kunya ba.