Me zan shafa wa sabon filafili ya daɗe?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sa an sassaƙa mini sabon filafili da itacen malaina, da shi zan riƙa tuƙa kwalekwale a nan Yauri. Tsohon filafilin nawa bakinsa ya tsattsage, mariƙinsa kuma bororo yake yi mini a tafin hannu. Me zan shafa wa wannan ya jure ruwa, kuma kada ya riƙa suɓucewa in hannu ya jiƙe? Wasu sun ce banish, wasu baƙin mai.

Kafinta daga Kontagora: Wa'alaikumus salam. Malam, baki da mariƙi ba abu ɗaya suke so ba. Fara da samfefa lamba 80, sai 120, ka ƙare da 220. Kafin ta ƙarshen, goge itacen da jiƙaƙƙen tsumma ka bar shi ya bushe. Za ka ji ya yi kaushi, wannan kaushin za ka share, in ba haka ba ranar farko a ruwa zai taso maka a hannu. Faffaɗan bakin ka ba shi banish na jirgin ruwa shafi 3 ko 4, na farko a tsinke da tina don ya shiga jikin itacen. Mariƙin kuwa dafaffen man linsid, wani mai da ake shafa wa katako yana bushewa, ya fi. Shafa, bayan minti 20 ka goge wanda bai shige ba, gobe ka ƙara. Banish a mariƙi shi ke jawo santsi da bororo.

Wani dattijo cikin Sarkawa: Yaro, ba ruwa ke kashe filafili ba, rana ce. A fito da shi jiƙe a yasar kan yashi, ga iskar hunturu, dole ya tsage ko da me aka shafa masa. Rataye shi a inuwa. Kuma ka daina tokarar dutse da shi, aikin gora ke nan.

Mai tambaya: Na gode Baba. To in linsid ya yi wuyar samu, man gyada ko man kaɗe fa?

Kafinta daga Kontagora: A'a, waɗannan ba sa bushewa, santsi kawai za su ƙara maka, man gyada har ɗoyi yake yi. Baƙin mai kuwa fatarka zai ci, ya ɓata ruwan da kake su a ciki. Tambayi linsid ɗin wajen masu sayar da fenti. Tsumman linsid ɗin kada ka dunƙule shi ka ajiye, yana kama wuta da kansa. Shanya shi a waje.

Wani daga Jebba: Malaina ba ta da nauyi, amma laushi gare ta. Ka liƙa ifoksi, gam ɗin nan mai haɗi biyu, a ƙarshen bakin, sannan ka rufe da banish don rana na cinye ifoksi. Kada ka naɗe mariƙin da robar tayar keke, ruwa ke kwana a ƙarƙashinta.