Abin da aka tattauna kan sayen mesh WiFi mai rangwame a Kano

Jama'a, ga taƙaitawar shawarwarin da aka bayar kan mesh, wato ƙananan na'urori da ake ajiyewa a sassan gida don WiFi ya kai ko'ina:

1. Kusan kowa ya yarda cewa mesh ba ya ƙara gudun intanet. Abin da rauta (na'urar intanet) ta MTN ko Airtel ta kawo shi yake rarrabawa ɗaki-ɗaki. In layin ba ƙarfi a unguwarku, kada ka ɓata kuɗinka.

2. Gidajenmu na bulo da rufin kankare suna danne sigina, musamman ta zangon WiFi na 5GHz. Gida mai bene ko sassa da yawa, a sayi mai na'ura guda 3, in da hali a haɗa su da kebul.

3. Wuta. Kowace na'ura sai an jona ta, don haka a tanadi ƙaramin UPS (batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke) ko a ɗora kan sola. A nan aka fi daɗewa, kuma da gaskiyarsu.

4. An rabu kan rangwamen. Wasu sun ce tsohon yayi ne, WiFi 5, ake neman rabuwa da shi. Wasu suka ce ga mai kallon YouTube da WhatsApp ya wadatar.

5. Ko a Farm Centre ko titin Beirut, a gwada a shago, a karɓi rasit. Na hannu kuwa, a tabbatar an cire asusun manhaja na mai shi na farko.