Lasisin jinya na jiha a Amurka: ta ina zan fara, kuma yaya ake sabunta shi?

Maman Ihsan, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin gwamnati a nan Birnin Kebbi, kuma bana shekarata shida da karɓar lasisi. Maigidana yana karatun digiri na uku a Houston da ke jihar Teksas, ya kuma fara shirya takardun da zan bi shi da yara, ni kuwa ba na so in je in naɗe hannu bayan duk wahalar da na sha a makaranta da aikin dare. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kowa da irin bayanin da yake yi mini. Wata ta ce da zarar na ci jarrabawar NCLEX, wato jarrabawar neman lasisin jinya ta can, ko'ina a Amurka zan iya aiki, wani ya ce in fara da jihar Niyok domin ta fi sauƙi, wani ejan kuma ya ce in ba shi kuɗi ya gama mini komai ina zaune. Sannan jiya da na ciro lasisina na gida daga cikin fayil, sai na ga ashe wa'adinsa ya ƙare wata huɗu da suka wuce ban lura ba. Shin akwai amfanin sabunta shi tunda tafiya zan yi? Kuma shi na can, wa yake bayarwa, kuma bayan shekara nawa ake sabunta shi?

Hajiya Inna, Gusau

Wa alaikumus salam, 'yata. Ban taɓa zuwa Amurka ba, saboda haka zan bar wancan ɓangaren ga waɗanda suka taka ƙasar, amma na yi shekaru ina shugabantar nas-nas kafin in yi ritaya, kuma tambayarki ta lasisin gida ta fi sauran gaggawa. Ki sabunta shi tun kafin ki kashe ko sisi a kan wani abu. Da farko dai, kina duba marasa lafiya yau da lasisin da ya mutu, wanda idan wani abu ya faru a hannunki, Allah ya kiyaye, shi ne takardar farko da za a ce ki kawo. Sannan duk hukumar da za ta tantance ki daga waje Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya za ta tambaya, kuma ita majalisar ce za ta aika da amsa kai tsaye, ba ta hannunki ba.

Lasisin namu na shekara 3 ne. Sai kin halarci kwas ɗin ƙara ilimi na dole, wanda muke kira MCPDP, kin sami takardar shaidarsa, sannan ki biya ta Remita ki cike a shafin majalisar, kuma tunda kin makara ki shirya biyan tara. Ki tuna kuma a watan Fabrairun 2024 majalisar ta fitar da sababbin sharuɗɗan tantancewa ga masu son fita waje, ciki har da sai mutum ya yi aikin shekara 2 bayan samun lasisi, har nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Ke kin wuce wannan sharaɗin, amma ki karanta abin da ke shafinsu a ranar da za ki nema, kada ki dogara da labarin wadda ta yi bara.

Makarantar da kika gama kuwa, ki je da ƙafarki. Za a buƙaci takardar da ta nuna awoyin da kika yi a aji da na gefen gadon maras lafiya, fanni-fanni: manya, yara, masu haihuwa, masu taɓin hankali. Na san wata yarinyata da ta yi wata bakwai tana buga waya ana ce mata ana nan ana dubawa, ranar da ta je da kanta aka tarar da fayil ɗinta a ƙasan kabad, ɗaure da igiya tare da na 'yan ajinsu, ko taɓa shi ba a yi ba.

Yaya Talatu, Houston

Ƙanwata, ni 'yar Yawuri ce, kuma a garin da za ki zo nake aiki. Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai in ɗora.

Babu wani abu wai shi lasisin jinya na Amurka. Kowace jiha tana da hukumar jinyarta, da dokarta, da kuɗinta, kuma ita ce take ba da lasisi. Jarrabawar ce kawai guda ɗaya a ko'ina, shi ya sa wadda ta ce miki cin NCLEX ya wadatar ta faɗi rabin magana. Ba ma za ki iya zama jarrabawar ba sai wata jiha ta duba takardunki ta amince. A Teksas za ki nema a hukumar, ki sa a aika mata rahoton tantance karatunki daga ɗaya daga cikin cibiyoyin da ta yarda da su, wadda mutanenmu suka fi sani ita ce CGFNS da ke Filadelfiya (ta sauya suna zuwa TruMerit a 2025), a ɗauki hoton yatsunki domin binciken laifi, ki kuma ci wata ƙaramar jarrabawa ta intanet a kan dokokin aikin jinya na jihar. Bayan haka ne kamfanin Pearson VUE zai turo miki izinin zama jarrabawa, wanda yake da wa'adi, idan ya wuce sai ki sake biya.

Kuɗin rajistar jarrabawar dala 200 ne, wanda zai rubuta a wajen Amurka kuma ya ƙara dala 150, ban da kuɗin jirgi da masauki. Tunda zuwa za ki yi, shawarata ki gama takardu daga gida, ki rubuta a nan. Tun daga watan Afrilun 2023 aka sauya salonta: tambayoyi daga 85 zuwa 150 cikin awa 5, kwamfuta tana auna amsarki tana zaɓo ta gaba, kuma tana iya tsayawa a ta 85 ko kin ci ko kin faɗi. Ranar da na rubuta tawa, da allon ya ɗauke sai da na zauna a mota kusan rabin awa ban iya kunna ta ba. Haddar da muka saba da ita ba ta kai mutum ko'ina, domin ba ma'anar cuta za a tambaye ki ba, za a ba ki marasa lafiya huɗu ne a ce wa za ki fara dubawa. Wanda ya faɗi sai ya jira kwana 45 kafin ya sake.

Sabuntawa kuma a nan ne bambancin jihohi ya fi fitowa. A Teksas duk shekara 2 ne, a ƙarshen watan da aka haife ki, tare da awa 20 na ƙarin ilimi. Ki duba ranar haihuwar da ke fasfonki da kyau, domin da ita za a yi lissafi, ba da wadda mahaifiyarki ta gaya miki ba. Ba a cewa ki turo takardun kwasa-kwasan lokacin sabuntawa, shaida kawai za ki yi cewa kin yi, amma ana zaɓo wasu a bincike su, saboda haka ni a ambulan guda nake tara nawa. Kalifoniya awa 30 take nema duk shekara 2. A Niyok lasisin na har abada ne, amma rajistar da ke ba ki damar aiki da shi ana sabunta ta duk shekara 3. Idan wa'adi ya wuce ko da kwana ɗaya ne, asibiti zai cire sunanki daga jadawalin aiki, domin suna gani a rumbun bayanai na Nursys tun kafin ki faɗa.

Akwai wata yarjejeniya tsakanin jihohi kusan 40 da ke bai wa nas damar aiki a cikinsu da lasisi ɗaya. Teksas tana ciki, Niyok da Kalifoniya ba sa ciki, kuma sai wanda yake zaune a jihar yana da lambar SSN, wato lambar shaidar ma'aikaci da gwamnatin Amurka take bayarwa, ake ba irin wannan lasisin.

Abin da ya fi damuna da labarinki kuwa shi ne biza. Lasisi daban, izinin aiki daban. Idan maigidanki yana kan bizar ɗalibi ta F-1, ke F-2 za a ba ki, kuma mai F-2 ba ta da izinin aiki ko da ta riƙe lasisin jiha goma. Idan J-1 ce tasa, wato bizar musayar ɗalibai da masana, ke J-2 za a ba ki, kuma mai J-2 tana iya neman izini. Ki tambaye shi yau.

Malam Abu Nas, Argungu

Yaya Talatu, a yi mini afuwa, ban yarda a ture maganar Niyok gaba ɗaya ba. Mutanenmu suna binta ne domin tana karɓar neman wanda yake zaune a waje ba shi da SSN, alhali Kalifoniya sai da SSN ko lambar haraji. Ni ta nan na bi, na je Johannesburg na rubuta jarrabawar na ci, kuma wanda ya ci sau ɗaya ba ya sakewa, nema kawai zai yi wata jihar ta ba shi nata bisa na farkon. Sai dai gaskiya ga Maman Ihsan babu riba a wannan zagaye, tunda ta san inda za ta sauka, biya biyu kawai za ta yi. Ni da ban san ranar tafiyata ba, ga ni nan a Argungu ina canza naira zuwa dala ina raya rajistar da ban taɓa yi wa kowa allura da ita ba.

Shi kuwa ejan, ki tambaye shi me yake nufi da gama komai. Cike fom ba ya buƙatar ɗan tsakiya. A watan Janairun 2023 hukumomin Amurka suka bankaɗo cinikin takardun jinya na bogi sama da 7,600 daga wasu makarantu uku a Fulorida, kuma jihohi suka bi waɗanda suka saya suna ƙwace lasisinsu, har da waɗanda suka ci NCLEX da guminsu. Kada ki ba kowa kalmar sirrin shafinki, domin duk abin da aka rubuta da sunanki ke za ki amsa shi.

Maman Ihsan, Birnin Kebbi

Allah ya saka muku da alheri. Na kira maigidan, ya ce F-1 ce, jikina ya ɗan yi sanyi, amma mun yanke cewa zan ci gaba da neman lasisin Teksas, shi kuma ya tambayi lauya yadda ake bi ta hanyar asibitin da zai ɗauki nauyin mutum. Na riga na sa sunana a kwas ɗin sabuntawa na gida. Saura abu ɗaya, Inna: takardun makarantata da lasisina suna ɗauke da sunan mahaifina, fasfona kuma da sunan maigida. Wannan zai kawo cikas?

Hajiya Inna, Gusau

Zai kawo, 'yata, idan kika bari suka gano da kansu. Ki haɗa takardar aure da takardar rantsuwa ta kotu da ke nuna cewa sunayen biyu naki ne, ki aika da su tun a neman farko, kuma ki yi rajistar jarrabawa da sunan da ke fasfo harafi da harafi, domin shi za a duba a bakin ƙofa. Ki lura har da rubutun sunanki na yanka, kada wata takardar ta ce Hauwa wata ta ce Hauwa'u.