Taƙaitawa: Kasuwar buɗa baki da batun Cameron Highlands

Ga abin da na tsinto daga doguwar hirarmu, don masu yin azumi a Malesiya:

1. Kowa ya yarda a je Bazar Ramadan, wato kasuwar buɗa baki, da la'asar sakaliya, kafin cunkoso. An fi ambaton ta Kampung Baru a Kuala Lumpur, inda masallacin unguwar ke raba kunun shinkafa, bubur lambuk, kyauta.
2. Mai jin yunwa idonsa ya fi cikinsa girma. A sayi murtabak ɗaya (soyayyen burodi mai nama da ƙwai a ciki) ko gasasshiyar kaza, ayam percik, a tsaya nan. Abinci mai madarar kwakwa a shinshina tukuna, zafi na saurin lalata shi.
3. Kan zuwa Cameron Highlands, wani yankin tsaunuka na shaƙatawa, a hutun sallah ne aka rabu. Wasu sun ce sanyin da gonakin shayin kamfanin BOH sun isa dalili. Wasu suka ce otal-otal da rumfunan leda na manoma sun cinye dajin, suka tuna ambaliyar kwarin Bertam da ke yankin ta 2013. Ni dai na fi karkata ga na biyun.
4. Wanda zai je, ya guji ƙarshen mako, don titin garin Brinchang da ke can kan toshe, kuma kada ya hau dutse ana ruwa.