Kartar Poker ta Intanet a Amurka: Barin Kowace Jiha Ta Yi Dokarta Ya Gaza ne?

Barista Nura: Assalamu alaikum. Matsayina shi ne hanyar da Amurka ta bi, wato kowace jiha ta halatta kartar poker ta intanet da kanta, ta gaza. Nevada da Delaware da New Jersey sun fara a 2013. Zuwa 2025, jihohin da ake buga ta da lasisi shida ne kacal cikin 50: waɗannan uku, sai Pennsylvania, Michigan da West Virginia. Connecticut ta halatta tun 2021, amma ba a samu kamfanin da ya buɗe teburi ba. Cacar wasanni kuwa, da Kotun Ƙoli ta cire wa takunkumi a Mayun 2018, ta shiga jihohi fiye da 30 cikin 'yan shekaru. Wanda yake da ja ya kawo hujja.

Injiniya Habibu: Wa alaikumus salam, Barista. Kafin a yi ja, a fahimci dalilin da poker ta bambanta. A injin caca mutum da gidan cacar yake karawa, ko shi kaɗai ne a jihar wasa zai gudana. A poker da mutane ake karawa, kamfani la'ada kawai yake cira, galibi kusan kashi 5 cikin 100 na kuɗin da aka tara a hannu ɗaya, wato zagaye ɗaya na rabon karta, kuma akwai iyakar da ba ta wucewa, wajen dala 3 a teburori da yawa. Teburi yana cin mutum 6 ko 9. Sannan 'yan wasan a rarrabe suke: mai sa 'yan sulalla ba ya zama da mai sa ɗaruruwan daloli, mai son nau'in poker da ake kira Hold'em ba ya son nau'in Omaha, mai wasan rana ba ya haɗuwa da mai wasan tsakar dare. Ka ɗauki jiha mai mutum miliyan ɗaya kamar Delaware, ka cire 'yan ƙasa da shekara 21, ka cire waɗanda ba ruwansu da caca, ka raba ragowar gida-gida haka. Sai mutum ya shiga ya tarar ba kowa, ya fita, wanda ya biyo bayansa shi ma ya tarar ba kowa.

Gasa ma haka take. A ce kamfani ya yi alkawarin kyautar dala 50,000, kuɗin shiga dala 100. Sai an samu mutum 500 kafin kuɗin ya cika. In 350 suka zo, dala 15,000 daga aljihun kamfani za ta fito. In hakan ya maimaitu, sai a rage kyautar, ƙaramar kyauta kuma ba ta jan mutane. Ultimate Poker, wanda ya fara raba karta da lasisi a Nevada ranar 30 ga Afrilun 2013, ya rufe a Nuwamban 2014. Kasuwa ce da ba ta ci sai da jama'a, aka yanka ta gunduwa-gunduwa.

Hajiya Rabi: Barista, ma'auninka ne ban yarda da shi ba. Kana ƙirga jihohi, ni ina duba kuɗin mutane. Ranar 15 ga Afrilun 2011 gwamnatin tarayya ta gurfanar da shugabannin manyan kamfanonin poker na intanet, PokerStars da Full Tilt da Absolute Poker, ta ƙwace adireshinsu na intanet. Daga baya masu gabatar da ƙara suka bayyana cewa 'yan wasa a duniya suna bin Full Tilt kusan dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa bai wuce kusan miliyan 60 ba. An cakuɗa ajiyar mutane da kuɗin gudanar da kamfani, ana biyan masu hannun jari daga ciki. Sai da PokerStars ya yi sulhun dala miliyan 731 da gwamnati a 2012, ya karɓi Full Tilt, sannan aka fara maganar mayar wa mutane haƙƙinsu, wasu suka shekara da shekaru suna jira. Kafin wannan ma, a 2007 da 2008, an gano wasu na cikin gida a Absolute Poker da UltimateBet suna ganin katin da ke hannun abokan wasansu.

Jihohin da suka ba da lasisi sun wajabta a ware kuɗin 'yan wasa daga na kamfani, a gwada manhajar da ke gauraya kati kafin a fara aiki da ita, a adana tarihin kowane hannu da aka buga, kuma akwai hukumar da za a kai wa koke. Ultimate Poker da Injiniya ya ambata ya rufe, amma an mayar wa mutane ajiyarsu. Lock Poker, da ke aiki daga ƙetare, ya rufe a 2015 da kuɗin jama'a a hannunsa. Wannan bambancin shi ne amfanin dokar.

Barista Nura: Hajiya, na karɓi wannan, amma kariyar ta wa ce? Mazauna jihohi shidan nan ba su kai miliyan 40 ba, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 330. Ɗan Texas da ɗan Florida har yanzu shafukan ƙetare suke shiga. Kuma ginin gaba ɗaya a kan fassara yake, ba a kan doka ba. Dokar Wire Act ta 1961 ta hana aika caca ta waya tsakanin jihohi. A Disambar 2011 Ma'aikatar Shari'a ta fitar da ra'ayi cewa cacar wasanni kaɗai dokar ta shafa, wannan ne ya buɗe wa jihohi hanya. A Janairun 2019 ma'aikatar ta janye, ta ce ta shafi kowace caca. Hukumar caca ta jihar New Hampshire ta kai ƙara ta yi nasara a Yunin 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Janairun 2021. Shekara biyun nan ba wanda ya san ko haɗa 'yan wasan jihohi biyu a teburi ɗaya laifi ne. Wane gwamna ne zai rattaba hannu a irin wannan yanayi?

Hajiya Rabi: To wace hanya ce ta biyun? Dokar tarayya ai an gwada. Ɗan majalisar wakilai Barney Frank ya gwada, takwaransa Joe Barton ya gwada, Sanata Harry Reid da Jon Kyl sun tsara daftari a 2012 bai kai ko'ina ba. Abin da ya fi ƙarfi a birnin Washington a shekarun nan ma yunƙurin haramtawa ne, wanda Sheldon Adelson, attajirin gidajen caca na Las Vegas, ya zuba wa kuɗi. Da an jira tarayya, ko jiha shidan ba za a samu ba. Kuma maganin ƙarancin 'yan wasa jihohin ne suka samo: Nevada da Delaware suka ƙulla yarjejeniyar haɗa teburi a Fabrairun 2014, aka fara aiki da ita a Maris ɗin 2015. New Jersey ta shiga a 2017, Michigan a 2022, West Virginia a 2023, Pennsylvania mai mutum miliyan 13 a Afrilun 2025.

Sadiya: Yaya Nura, ni a ganina ka ɗora laifin a inda ba nan yake ba. Ba tsarin jiha-jiha ne ya hana poker yaɗuwa ba, ƙarancin harajin da take kawowa ne. A New Jersey abin da kamfanoni ke samu daga poker a wata bai cika kai dala miliyan 3 ba, sauran cacar intanet kuma ta haura miliyan 200 a wata. Pennsylvania tana karɓar harajin kashi 54 a injin caca na intanet, kashi 16 a poker. Ɗan majalisar da ke neman kuɗin cike giɓin kasafi ba zai ɓata ƙuri'arsa kan poker ita kaɗai ba. Nevada ce kawai ta halatta poker ta bar sauran, don kare gidajen cacarta na ƙasa. A sauran wurare poker a bayan babban ƙudirin cacar intanet take hawa, kuma wannan ƙudirin ne yake da abokan gaba: wasu masu gidajen caca da ke tsoron raguwar masu zuwa, da ƙungiyoyin ma'aikata da ke tsoron rasa aiki. A New York majalisar dattawan jihar ta amince da ƙudirin poker a 2016 da 2017, ɗaya majalisar ta ƙi ɗauka. A Maryland a 2024 akasin haka aka yi, majalisar wakilai ta amince da ƙudirin cacar intanet, ya mutu a ta dattawa.

Kalifoniya ce darasi mafi girma. Mutum kusan miliyan 39, ita kaɗai ta isa kasuwa ba tare da haɗa teburi da kowa ba. Kusan shekara goma ana kawo ƙudiri yana faɗuwa, saboda ƙabilun 'yan asalin ƙasar masu gidajen caca, da gidajen karta, da masu filayen sukuwa sun kasa daidaitawa kan wanda zai samu lasisi. Babbar rigimar ita ce PokerStars: a hana shi shiga saboda ya ci gaba da karɓar Amurkawa bayan dokar tarayya ta UIGEA ta 2006, wadda ta hana kamfanoni karɓar kuɗin haramtacciyar cacar intanet, ko a bar shi? Wasu ƙabilu sun haɗa kai da shi, wasu suka ce ko sama da ƙasa za su haɗu.

Malam Isiyaku: Jama'a, ina jin ana magana kamar yaɗuwar abin ita ce nasara. A wurinmu hukuncin caca a bayyane yake a Suratul Ma'ida, aya ta 90, lasisi kuma ba ya sauya shi. Masu cewa poker gwaninta ce ba sa'a ba sun taɓa samun alƙali a New York da ya yarda da su a 2012, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013. Ko an yarda akwai gwaninta, kuɗin gwani daga aljihun wanda bai iya ba yake fitowa, kamfani kuma yana cirar la'adarsa a kowane hannu, saboda haka jimillar 'yan wasa kullum a asara suke. Alƙaluman Sadiya sun ƙara tabbatar min da wani abu: in poker ba ta kawo riba sosai, me ya sa kamfani yake riƙe da ita? Saboda asusu ɗaya ne. Wanda ya shigo don karta, maɓalli ɗaya ne tsakaninsa da injin caca, inda ba a bukatar jiran kowa kuma ana iya juyawa sau ɗaruruwa a awa guda.

Don haka ni abin da Barista ya kira gazawa shi nake ganin alherin tsarin. Utah da Hawaii ba su halatta caca ba, jihar Washington ma ta mayar da cacar intanet babban laifi tun 2006. Dokar tarayya guda ɗaya za ta iya matsa wa irin waɗannan. Batun ya shafe mu kai tsaye: a Nuwamban 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke cewa ikon kula da caca na jihohi ne, ta hana aiki da dokar caca ta tarayya ta 2005 a wajen Abuja. Legas za ta ba da lasisi, Kano za ta hana. Tambayar ita ce yadda za a hana waya tsallake iyaka.

Injiniya Habibu: Allah ya gafarta Malam, a wannan wurin jihohin Amurka sun yi aikin da za a iya koya. Ba adireshin intanet na na'urar ɗan wasa (IP) ake dogara da shi ba, don shi ana iya ɓoye shi. Ana sa ɗan wasa ya ɗora wata ƙaramar manhaja, yawanci ta kamfanin GeoComply. A waya tana karanta GPS, a kwamfuta tana duba siginar Wi-Fi da ke kewaye ta gwada su da taswirar da aka riga aka tattara. Tana kuma binciken ko akwai VPN, wato manhajar ɓoye wannan adireshin, ko manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, ko ta ƙaryar wuri. Ba sau ɗaya ake dubawa ba, ana maimaitawa ana cikin wasa, kuma mutum yana kusantar iyaka ana ƙara yawan dubawar. Wurin da kake a lokacin ake dubawa, ba inda gidanka yake ba. Rajista kuma sai da suna, ranar haihuwa, adireshi da lambar shaidar da gwamnatin Amurka ke ba wa 'yan ƙasa (Social Security).

Inda ake samun matsala: kwamfutar tebur da ba ta da Wi-Fi ba a iya tantance ta, ƙauyen da siginar ba ta da yawa ma haka. A farkon New Jersey, mutanen bakin kogin Hudson da na Delaware an riƙa korarsu daga teburi suna cikin jiharsu, saboda an bar tazara mai faɗi a bakin iyaka. Bankuna kuma sun riƙa ƙin biyan katin kuɗi, don lambar da ake sa wa cinikin caca, 7995, ba ta bambanta mai lasisi da marar lasisi. Sai a 2015 aka fito da sababbin lambobi.

Malam Isiyaku: Wannan ya tsare iyakar jiha, Injiniya. Wanda abin ya zame masa jaraba fa?

Sadiya: Akwai tanadi, Malam, amma da ɓaraka. A New Jersey mutum na iya sa wa kansa iyakar kuɗin da zai zuba da lokacin da zai ɓata, ko ya dakatar da asusunsa na aƙalla awa 72. In jimillar abin da ya zuba ta haura dala 2,500, ana tsayar da shi sai ya tabbatar ya ga gargaɗi. Yana kuma iya sa sunansa a jerin waɗanda suka haramta wa kansu, na shekara ɗaya ko biyar ko har abada. Ɓarakar ita ce jerin na jiha ne. Wanda ya rufe kansa a New Jersey zai iya haye gada zuwa Philadelphia ya buɗe asusu a ƙarƙashin dokar Pennsylvania, sai in kamfanin da kansa ya haɗa bayanansa. An haɗa teburi tsakanin jihohi, kowace jiha na karɓar harajin la'adar da 'yan wasanta suka biya, amma jerin kariyar kowa da nasa. A nan Yaya Nura yana da gaskiya.

Hajiya Rabi: Yana da gaskiya a nan, amma a kan shafukan ƙetare ba shi da ita. Jihar da ke da kasuwa mai lasisi ita ce ke da hukuma da dalilin korarsu. A Mayun 2024 hukumar caca ta Michigan ta aika wa Bovada, wani shafin caca na ƙetare, takardar umarnin dakatarwa, kamfanin ya daina karɓar 'yan jihar, wasu jihohin suka bi sahu. A 2025 Montana, Connecticut, New Jersey da Kalifoniya suka yi dokar hana shafukan da ke sayar da sulallan wasa suna ba da kyautar wasu sulallan da ake canzawa zuwa kuɗi, dabarar da ake zagaye lasisi da ita. Barista, wannan aikin majalisar tarayya ba ta yi shi ba.

Barista Nura: Ba ta yi ba, Hajiya. Amma takardar jiha ba ta da haƙori a kan kamfanin da ke Curaçao ko Costa Rica. Wanda ya fita, don kansa ya fita, wasu kuma suna nan. Abin da ya karya manyan shafuka a 2011 bin sawun kuɗi ne ta bankuna da ƙwace adireshin intanet, kuma waɗannan biyun a hannun masu gabatar da ƙara na tarayya suke. Jiha za ta iya hukunta mai lasisinta, ta ci shi tara, ta janye lasisin. Wanda bai nemi lasisi ba, sai dai ta rubuta masa wasiƙa ta jira amsa.